Ranar da Inna Ɗelu Ta Kira Ɗanta

"Ki ce mata yaron nan ne," in ji Inna Ɗelu, tana gyara mayafi.

"Inna, 'yaron nan' ba suna ba ne," Khaulah ta ce ƙasa-ƙasa. "Mai Shari'a daga bakinki take so ta ji."

"Ba ga shi nan a rubuce gabanta ba?"

 Da safe aka kira Khaulah daga unguwar Taman Melati ta zo Babbar Kotun Kuala Lumpur ta yi tafinta, ta kuwa zo jiki na rawa. Ta daɗe tana rubuta kundin digirinta a kan tarihin babbar kotun jiharsu, amma ba ta taɓa ganin an yi aiki da tsohon ikon nan da ta cika shafuka da shi ba: babbar kotu na iya cewa duk wanda ya tsare mutum ya kawo shi gabanta, ya faɗi dalili. Kano da Kuala Lumpur duk wurin Bature ɗaya suka gaje shi, haɗe da baƙar riga a garin da ake zufa ko a inuwa.

Wanda aka tsare Fatihu ne, ɗalibi, ɗan Inna Ɗelu. Matarsa ta haihu, ya je kasuwar Chow Kit sayen kayan suna, kamen baƙin haure ya rutsa da shi, fasfonsa kuma yana wurin sabunta biza. Masu tsaronsa suka ce wani ne da suke nema ya ari sunan. In kotu ta yarda da su, jirgi za a sa shi, karatu ya bi ruwa. Matar tana asibiti da ɗinki. Saura uwa, wadda ta zo jego. Sai dai Fatihu ɗan fari ne, kuma tun da aka raɗa masa suna bakinta bai taɓa furta shi ba.

Lauyan masu tsaron ya miƙe da murna, ya ce to ga shi, mai ba da shaidar ko sunan ɗanta ba ta sani ba.

Mai Shari'a, wata dattijuwa mai ƙaramar murya, ta sauke tabarau ta nemi bayani. Khaulah ta ce a wurinsu uwa tana kunyar ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta nuna shi a gaban mutane.

Maimakon ta fusata, sai Mai Shari'a ta gyara zama. Abin ya ba ta sha'awa. "Tambaye ta, in abinci ya nuna, yaya take kiransa?"

"Sai in aiki ƙanensa," in ji Inna Ɗelu.

"In ya yi zazzaɓi yana ƙarami fa?"

"Kakarsa ke ɗaukarsa. Ni ina bayan ƙofa, ina ji."

Khaulah ta fassara. Ita ma 'yar fari ce, kuma duk tsawon rayuwarta ta ɗauka uwarta ta fi son ƙannenta.

Aka shigo da Fatihu tare da wasu mutum biyu da aka kama rana ɗaya. Inna Ɗelu ta ƙare wa na farko kallo, ta yi wa na biyu sannu. Da ta zo kan na uku, wanda ya rame, gemu ya cukurkuɗe, sai ta kawar da kai ta shiga nazarin bango, kamar an ce a can aka ajiye maganin ciwon gwiwa.

"Na gani," in ji Mai Shari'a a hankali. "Ni na gamsu. Amma kotu ba ta rubuta kawar da kai. Ki gaya mata wannan kotun an kafa ta ne don kada a tsare mutum da sunan wani. Sai an ba ni nasa."

Khaulah ta faɗa mata, ba ta rage komai ba. Ta ƙara nata: "Inna, in kika yi shiru, tafiya za su yi da shi."

 Tsohuwar ba ta juyo ba, bangon ta gaya wa.

"Fatihu."

Ya ɗaga kai ya dubi lauya, ya dubi Khaulah, yana neman wanda ya kira shi. Muryar ya sani, sunan ya sani, bai taɓa jinsu tare ba. Can ya ce, "Na'am, Inna," ya rufe fuska da hannayensa.

Khaulah ta buɗe baki za ta fassara, Mai Shari'a ta ɗaga mata hannu, ta ci gaba da rubutu. Ta ba da umarnin a sake shi.

A baranda Fatihu ya durƙusa gaban uwarsa. Uwar kuwa sai ta dubi Khaulah.

"Wannan kada ki sa shi a littafin naki," ta ce. "Kuma ki ce wa yaron nan ya je ya yi aski. Haka zai tsaya gaban baƙi ranar suna?"