Kwalaben Malama Lois

A shekarar da bama-bamai suka yi ta tashi a tashoshin motar Gombe, kowa ya koma tsoron buhu da kwalba. A shekarar ce kuma Malama Lois, mai koyar da kimiyyar sinadarai, ta cika tsakar gidanta na Herwagana da kwalabe.

Da aka rufe makarantarsu, ruwa ne ya tsaya mata a rai. Mutanen da suka gudo daga Borno sun cika kangaye a Bagadaza, famfo ba ya kawowa, sai ruwan kwari suke sha, ja wur da laka, yara na ta gudawa. Lois ta san halin yumɓu. Ƙwayoyinsa ƙanana ne, kuma ture juna suke yi, ko kwana uku ruwa ya yi a randa ba sa kwanciya. Amma a cikin 'ya'yan zogale akwai zarurrukan da ido ba ya gani, masu kama ƙwayoyin su ɗaure su, su nutse ƙasa. Abin da ya rage mata ma'auni ne, don in garin ya yi yawa ruwan sake gurɓacewa yake yi.

Wata Talata da hantsi Bamanga, shugaban 'yan sintirin unguwa, ya yi sallama da mutum huɗu. Ya tsaya nesa da kwalaben da take gwajin ruwa a ciki.

"Malama, maƙwabta sun ce kina haɗa farin gari. Ki kwashe kafin azahar, ko mu kai magana gaba."

"Baba Bamanga, ƙanena Jerome a tashar mota ya mutu, kai ka kama mana makara. Yau ni ce mai haɗa bam?"

"Ban ce ba. Amma zamani ne."

"To, ba zan kwashe ba. Ku zauna."

Ba su zauna ba, ba su kuma tafi ba. Ta daka zogalen a gabansu, ta tankaɗe, ta auna da cokali a bokitin jan ruwa. Ta dama da sauri, sannan a hankali. Can sai lakar ta fara haɗuwa kamar gasara, tana sauka. Bayan awa guda ana ganin gindin bokiti. Ta tace da tsumma, ta tafasa, ta sha kofi guda da zafinsa.

Bamanga ya leƙa ya daɗe. "Duk da haka sai na sanar."

"Ka sanar. Ka ce wa jami'an tsaro gobe ƙarfe takwas zan bi ta shingensu."

Ta bi kuwa, da turmi a ka da buhun zogale a hannu. Suka zazzage buhun a kan titi suna bincike, ta durƙusa ta tsince ɗaya bayan ɗaya, masu wucewa na kallo.

A Bagadaza wata tsohuwa mai suna Kadijatu ta kalli aikin, ta yi dariya.

"'Yar nan, ai kakata ma tana yin wannan a Gwoza. Sai dai ita da ido take aunawa."

"To, Iya, ki auna da ido, ni in auna da cokali, mu ga na wa zai riga kwanciya."

Matan kangon suka kawo bokiti biyu.