Masu Dubiyar Baba Dalyop

"Sa hannu tukuna, sannan mu gaisa," in ji Baba Dalyop.

Turai ta tsaya da kular farfesu a hannu. Shekara goma sha ɗaya suna maƙwabtaka a unguwar Gorton, can ƙasar Turawa, ta san shi da taurin kai, amma ba ta zaci zai kai shi har gadon mutuwa ba. Asibiti sun sallamo shi don ba sauran abin yi, an sauko masa da gado falo, ya rame sai idanu, ga shi kuma yana miƙo mata biro.

Takardar shiga kulob ɗin bowls ce, wasan nan na tsofaffin Turawa da ake gangara baƙaƙen ƙwallaye masu nauyi a kan ciyawa. Ma'aikatan jirgin ƙasa suka kafa shi tun zamanin kakanni. Dalyop ne baƙar fata na farko a ciki. Ya yi shekara uku da ƙyar ake amsa gaisuwarsa, ya ƙi fita, har aka wayi gari mabuɗin filin yana aljihunsa. Yanzu council, wato ƙaramar hukuma, ta rubuto cewa ana tsuke bakin aljihu: in ba a ga mutum talatin suna wasa ranar Asabar ta ƙarshen Afrilu ba, za a rufe filin. Su goma sha huɗu suka rage, rabinsu da sanda.

Turai ta kawo uzurin gwiwa da na aiki. Ya ce Clara, sakatariyar kulob ɗin, shekararta tamanin da huɗu.

"Sun rufe library, muka yi shiru. Sun rufe youth centre, muka yi shiru. Wannan kam, 'yata, ko ina cikin ƙasa ba zan bar musu ba."

Haushi ya kama ta, tausayi ya fi shi ƙarfi, ta sa hannu. Haka ya yi wa duk wanda ya zo dubiya, na coci da na masallaci. Wa zai iya ce wa mai jinya a'a? Har wani likita da ya taso takanas daga Birmingham bai tsira ba. Matar Dalyop, Kaneng, sai dai ta gudu kicin don kunya.

Baba Dalyop ya cika da safiyar wata Talata. Tun a wurin gaisuwa Turai ta ji ana cewa ai lallashin marar lafiya kawai aka yi. Ranta ya ɓaci ƙwarai. Ta karɓi takardun wurin Clara, ta bi waɗanda suka sa hannu ɗaya bayan ɗaya a waya, ba ta raga wa kowa ba.

Ranar Asabar ɗin ta zo ana yayyafi. Ma'aikacin council ya tsaya bakin ƙofa yana ƙirga masu gyale da masu hula, suna ta jefa ƙwallaye cikin kwatar gefen filin. Ya ƙirga sau biyu, ya dubi Clara.

"Twenty-nine. I'm sorry."

Saura mutum ɗaya. Turai ta ce ba inda za su, rana ai ba ta faɗi ba. Suka ci gaba da wasa a jiƙe.

Can sai ga Kaneng cikin baƙaƙen kaya, ita da ta shekara ashirin tana tsine wa filin da ke cinye mata Asabar ɗin miji. Ta wuce ma'aikacin ba ta ko dube shi ba. Ta ajiye tsohuwar jakar ƙwallayen mijinta, ta tuɓe takalmanta, ta taka jiƙaƙƙiyar ciyawar.

"Turai," ta ce, "ta ina ake riƙe abin nan?"