Ladabin da ya ci keken Mijinyawa

Mutanen unguwar Birketiri sun ce kwaɗayi ne ya ci ƙanena Mijinyawa. Ni da na yi shekara talatin ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, ban yarda ba.

Shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa, ɗinki ya tsaya cak. Mijinyawa ya sayar da kekensa na ɗinki, ya bi wasu tsofaffin ma'aikata zuwa wani gida a unguwar Nkomkana inda ake karta, irin wadda suke kira foka. Kwana biyu kacal suka koya masa: kada ka nuna katinka, kada ka sa kuɗi sai layi ya zo kanka.

Ranar Asabar da hantsi ya zauna, kafin azahar ya ci abin da zai sayi keke biyu. Ya miƙe zai tafi, sai wani dattijo mai farin gashi ya ce, "Malam tela, a teburin nan ba a ci a tashi. Sai ka ba mu dama mu rama."

Ya koma ya zauna.

Da la'asar ya shigo ɗakina, aljihu wayam.

"Don me ba ka taho ba?" na tambaye shi.

"Yaya, mutumin a haife ya haife ni. Ya zan yi ya ce zauna, in tafi?"

Ban iya yi masa faɗa ba. Tun rasuwar iyayenmu ni na rene shi, kuma ni na koya masa haka.