Saura Kaɗan, In Ji Don Evaristo

Shekarar nan tun farko da gardama ta zo. A watan Oktoba, inabi ya fara toho ke nan, jaura ta sauko daga duwatsu ta ƙone rabin layukan gangare. A Nuwamba yana tsakiyar fure, iskar zonda ta taso da zafinta, ta yi kwana biyu tana kakkaɓe abin da ta ga dama. Janairu kuwa, da ya kamata rana ta gasa kowa a wannan kudancin duniya, sai ga mutanen garin La Consulta suna yawo da rigar sanyi kamar masu jinya. Daga nan ruwa ya ɓalle, a ƙasar da ake roƙonsa ba ya zuwa. Yanzu Afrilu ya kama, maƙwabta duk sun tsinke nasu, amma a gonar iyalin Funes inabi na nan rataye yana jiran kalma ɗaya daga bakin tsoho.

Tsohon shi ne Don Evaristo, mahaifin Nelida. Shekararsa tamanin da ɗaya, ita kuma hamsin da biyu, kuma rabon da ya ɗaga shebur a gonar an fi shekara goma. Ita ke ban ruwa, ita ke feshi, ita ke aske rassa da sanyin hunturu har yatsunta su ƙage. Abu ɗaya ne bai saki ba, wato sa ranar tsinka. Zai bi layi, ya ciri ƙwaya, ya tsotse, ya tauna ƙwallon ciki. In da sauran ɗaci, a jira. In ya fashe ƙaras kamar soyayyiyar gyaɗa, sai ya ciro almakashinsa ya yanke nonon inabi na farko, sannan kowa ya shiga. Ba a taɓa jin ya yi kuskure ba, shi ya sa gardama da shi ke da wuya.

Bana kuma ba kamar kowace shekara ba ce. Shekara sittin inabinsu yana tafiya manyan tankuna, ya gauraya da na kowa, ya fito da sunan wani. Sai bana wata mai haɗa giya a ƙaramin wurin matsa ta zo ta duba tsofaffin itatuwan, ta ce za ta matsa shi shi kaɗai, ta sa sunan Funes a jikin kwalba. Sharaɗinta ɗaya ne, kada a kawo mata ruɓaɓɓe.

Ranar Litinin da safe Nelida ta bi bayan uban cikin layuka, hannunta a aljihu tana murza ɗan abin da ake leƙawa a auna zaƙi. Ta riga ta auna, ta kuma tauna da bakinta. Kwana bakwai ke nan inabin nan ya nuna, ta sani kamar yadda ta san sunanta. Tsoho ya ciri ƙwaya, ya tauna, ya dubi duwatsu, ya tofar.

"Saura kaɗan."

"Baba, rediyo ta ce daga Laraba ruwa ne, kwana uku ba tsayawa."

"Rediyo ta taɓa noma inabi?"

"Ma'auni ma ya nuna ya kai."

"Wannan abin leƙen naki? Ki leƙa ki gaya min ko zan kai baɗi." Ya goge baki da bayan hannu. "Abin da babba ya hango, yarinya, ko kin hau rimi ba za ki hango ba."

Mace mai jikoki biyu ake kira yarinya. Ta haɗiye maganar da ta zo mata, don ta san in ta fito ba za ta koma ba.

Da rana ta zuba masa miyar wake da kabewa. Cokali ɗaya ya kai baki ya jawo gishiri.

"Yau ma kin manta."

"Ban manta ba. Tun hunturu kake cewa na manta. Likita ya ce a rage maka, kai kuma kana zubawa kamar mai jiƙa fata."

"Uwarki ba ta taɓa ba ni abinci lami ba."

Haushi ya cika ta har ta kasa cin nata. A gona ba ta san inabi ba, a ɗakin girki ba ta san gishiri ba, to me ya rage ta sani?

Da yamma Ceferino Mamani ya tsaya da motarsa a bakin gona. Shi ne ogan masu tsinka, mutum goma sha huɗu ke binsa, kuma shekara ashirin yana yi wa gidan Funes aiki. Bai kashe mota ba.

"Doña Nelida, gobe kaɗai gare ni. Jibi muna babbar gonar hayi, kuma in mun shiga can sai ƙarshen wata."

"To ku zo goben."

"Don Evaristo ya ce?"

"Ni na ce."

Ceferino ya ture hula baya, ya yi murmushin da ya fi zagi ciwo. "Doña, ba raini ba ne. Amma in na shigo da yarana tsohon nan bai yanke na farko ba, da sanda zai kore mu. Ya taɓa yi min, ina da shaida a ƙauri."

"Ƙaurinka ya warke. Inabina in ya ruɓe ba zai warke ba."

"Ki samo min kalmarsa kafin rana ta faɗi, ni kuwa da asuba kin gan ni."

Ta je ta samu uban a inuwar bishiyar gyaɗar turawa yana zuƙar shayin mate a ƙoƙonsa. Ta roƙa, ta kawo hujja, ta ambaci maƙwabcinsu da ya yi jinkirin kwana uku ya kwashi fumfuna. Ta ce in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, sai ka shafa wa naka ruwa. Ya ce shi gemunsa a aske yake. Rana ta faɗi, Ceferino bai ji komai ba. Talata ta zo da sarari tas, irin ranar da ake addu'ar samu don tsinka, ta kuma wuce a banza. Nelida ta yini tana wanke akwatunan da ba wanda zai cika, tana buga su da ƙasa fiye da yadda wanki ke bukata.

Laraba da safe hadari ya riga ya zauna a kan duwatsu. Ta gangara layukan ƙasa ita kaɗai, ta ɗaga ganye, ta ga abin da take tsoro. Ƙwayoyi sun tsage, fumfuna mai launin toka ta fara cin tsakiyar nono, ga warin tsami. Layi uku sun kamu. Ta tsaya riƙe da ganyen, ranta yana tafasa.

Sai ga tsoho yana dogara sanda, ya fito zagayensa na kullum kamar ba abin da ke faruwa a duniya.

A can saman kowace itaciya akwai 'yan ƙananan nonna da ke fitowa a makare, waɗanda ba sa nuna ko an ba su wata guda. Masu tsinka ba sa taɓa su, tsuntsu ma ba ya so. Nelida ta miƙa hannu ta ciri ƙwaya ɗaya daga ciki. Ba gwaji ta yi niyya ba, mugunta ce kawai. So take ta ga fuskar nan ta yamutse sau ɗaya.

"Ga wannan, Baba. Tauna ka gaya min."

Ya karɓa ya jefa a baki. Ya tsotsa, ya tauna, ya dubi duwatsu. Ko ƙifta ido bai yi ba.

"Ya kusa," ya ce. "Saura kaɗan."

Ta ciri ta biyu daga wuri ɗaya ta sa a nata bakin. Tsamin ya kama mata muƙamuƙi har hawaye ya taru, dole ta tofar. Ta dube shi, shi kuma ya dubi abin da ta tofar, sannan ya ɗaga kai ya ga inda ta ciro. Sai ta tuna gishiri. Ta tuna zazzaɓin da ya kwantar da shi mako biyu a watan Yuli, da yadda tun daga nan bai ƙara yabon wani abinci ba.

"Tun yaushe?" ta ce.

Ya daɗe yana tona ƙasa da bakin sanda. "Tun ciwon nan. Komai kamar jiƙaƙƙen takarda. Na ce zai dawo kafin kaka. Kullum na fito sai in ce yau zan ji."

"Shi ne ba za ka faɗa ba? Ka bar Ceferino ya tafi, ka bar ni ina haushi kamar karya, kana kallo?"

"In na faɗa, me ya rage nake yi a gonar nan?"

Ta so ta ba shi amsa mai zafi, kuma tana da su da yawa, ta tara su tun Litinin. Ba wadda ta fito. Tausayinsa ya kama ta, amma haushin bai matsa ya ba shi wuri ba, sai suka zauna mata a ƙirji tare.

Tsoho ya sa hannu cikin ganye, ya lalubo nono mai kyau, ya ciri ƙwaya ya miƙa mata. "Tauna. Matso kusa, kunnena bai mutu ba."

Ta matso har hularsa na taɓa goshinta. Ta tsotse, ta sa ƙwallon tsakanin haƙora ta danna. Ya fashe ƙaras.

Ya rufe ido. "Yaushe ya fara wannan ƙarar?"

"Yau kwana tara, Baba."

Ya gyaɗa kai. Ɗigon farko ya faɗo a kan ganye, na biyu a kan hannunta. Layi ashirin da shida ne a gabansu, masu tsinka suna hayi, kuma ta san ko sun yini a tsaye su biyu ba za su wuce huɗu ba. Gangar giya ɗaya ke nan in an yi sa'a, maimakon shida.

Ya laluba aljihu ya ciro tsohon almakashinsa, wanda ba ta taɓa riƙewa ba ko don wasa. Ya juya shi, ya miƙo mata ta wajen mariƙi.

Ta karɓa ba godiya. Ta yanke nono na farko ta sa a akwati, ta yanke na biyu. Shi kuma ya jingine sanda, ya kama akwatin da hannu biyu yana jan shi a bayanta cikin ruwa. Sun kai rabin layi kafin ya yi magana, a hankali, ba tare da ya dube ta ba.

"Nelida. Bayan ƙarar, yaya yake a baki? Faɗa min."