Raye ko Rasu

Wa ke da ikon rubuta mutum cikin matattu alhali ba a ga gawarsa ba?

Abdulwahabu mai gyaran waya a kasuwar Gadarif ta ƙasar Sudan ya yi shekara biyar yana juya tambayar nan. Shi ya kafa wa unguwarsu shafin wiki na zuri'a. Mutum zai cike fom: suna, uba, kakan da ya taso da niyyar Hajji ya yada zango a nan, ranar haihuwa, sai gurbi guda, raye ko rasu. Da an danna "ajiye", bayanan su shige jadawalin da kowa ke dubawa kafin a ba da aure.

Ƙaninsa Kassim ya tafi yankan riɗi a Simsim, bai dawo ba. Shafinsa na cewa raye, na'urar kuma tana ƙara masa shekaru da kanta. Ya tafi yana da talatin da ɗaya, yanzu talatin da shida. Kullum Abdulwahabu ya ga lambar sai ya ji kamar yaron na can wani wuri yana furfura.

Alƙali ya yanke hukuncin cewa ya rasu, matar Kassim, Nasiba, ta yi takaba ta gama. Sau biyu tana roƙon a gyara shafin, yana cewa hannunsa ba zai iya ba.

Ran Talata da hantsi ta zo rumfarsa, ta ƙi zama.

"Yaya, dangin Harun mai neman aurena sun duba. Sun ce ba sa neman matar mai rai."

"Ki kai musu takardar alƙali."

"Na kai. Suka ce alƙali bai san Kassim ba, kai ka goya shi." Ta gyara lulluɓinta. "Kana tsoron kashe shi, ni kuwa ka binne ni da raina. Halas, ya isa haka, Yaya."

"In ya dawo fa?"

"In ya dawo ka gyara. Ba kai ke cewa a wiki komai na gyaruwa ba?"

Ya san aurenta ba zai gyaru haka ba. Duk da haka ya buɗe fom ɗin, ya zaɓi rasu. Wani gurbi ya ɓullo da jan rubutu: ranar rasuwa, dole.

"Wace rana zan sa?"

"Ranar da ya hau motar Simsim."

Ta faɗa masa ba tare da tunani ba. Ya rubuta, ya yi salati a hankali, ya danna "ajiye".