Wasiƙar da Graeme Ya Aika Bisa Kuskure

Narelle Dunstan na zuba makullanta a tiren masu bincike a ƙofar kotu sai ta hango Graeme Tolhurst yana jiran lif, na'urar hawa bene. Ya yi furfura, ya ajiye tumbi. Hakan ya ɗan yi mata daɗi.

Tun da safe ta baro Ballarat a jirgin ƙasa, da takarda ɗaya a jaka. Shekara tara ke nan tana ajiye da ita.

A da, Narelle ce ta ƙirƙiro manhajar da masu kiwon tumaki ke rubuta haihuwa da rigakafi da nauyin ulu a wayarsu. A bayan shagon abincin dabbobi na mahaifinta ta fara, har ta kai ma'aikata goma sha huɗu. Sai kamfanin Halvern, wanda kusan kowace waya da kwamfuta a karkara ke aiki da tsarinsa, ya turo Graeme da maganar saye. Wata uku yana zuwa, yana shan shayinta, yana cin biskit ɗin da mahaifiyarta ke gasawa, ita kuma tana buɗe masa komai. Daga nan ya ɗauke ƙafa. Kafin damina ta zagayo, Halvern ya fito da irin tata sak, kyauta, a liƙe cikin kowace waya. Tata kuwa ta fara nauyi, tana rufe kanta ba dalili. Cikin shekara ɗaya ta sallami kowa. Yanzu karɓar baƙi take yi a asibitin dabbobi.

Takardar kuwa kwafin saƙon imel ne da Graeme ya rubuta wa mutanensa, ya haɗa da adireshinta bisa kuskure: "Mun ga duk abin da muke so. Ku ci gaba da jan ta da zance har tamu ta fito, sannan a rage wa tata gudu." Lauyoyi uku ta kai wa a lokacin, kowanne ya ce ba ta da ƙarfin ja da Halvern. Sai bana hukumar da ke hana babakere a kasuwa ta maka kamfanin a kotu, ta kira ta shaida.

A hawa na shida Graeme ya tako har inda take zaune.

"Narelle. Ba ki canza ba."

"Kai ka canza. Halvern na ciyar da kai da kyau."

Ya yi dariyar dole, ya zauna, ya bar kujera ɗaya tsakaninsu. "Yaya Mama?"

"Ta rasu. Kada ka sa ta a bakinka."

Ya rage murya. "Tsakani da Allah, ki gaya mini laifin. Mun ba manoma abu kyauta, kuma ya fi naki kyau. Ki tambayi yayanki, ai tamu yake amfani da ita."

Gaskiya ne, kuma nan ne ya fi yi mata ciwo. Yayanta Col bai taɓa ɓoye mata ba.

"Da ta fi tawa kyau tun farko, me ya sa sai da kuka karya wa tawa ƙafa?"

"Kasuwa ce. Girma ba laifi ba ne. In kotu ta raba kamfaninmu gida biyu, mutum ɗari uku ne za su rasa aiki a Geelong. Ba su yi miki komai ba."

"Nawa sha huɗu me suka yi maka?"

Kafin ya amsa, lauyar hukumar, Thuy Pham, ta leƙo daga wani ƙaramin ɗaki ta yafito ta. Ta rufe ƙofa, fuskarta a sake.

"Albishir. Mutanen Halvern sun nemi sulhu da safen nan. Za su cire manhajarsu daga cikin wayoyin, su buɗe wa kowa hanya daidai, tun daga watan gobe. Ƙananan kamfanoni shida na jiran wannan, biyu daga ciki ba za su kai ƙarshen shekara ba in babu shi."

"To wasiƙar fa?"

"Sharaɗinsu ke nan. Ba su amsa laifi ba, ba a karanta komai, ba sunan kowa. Ba sai kin shiga ba da shaida ba ma."

"Wato Graeme ya koma gida ya ci abincin rana."

"Narelle, aikinmu gyara kasuwa ne, ba rama miki ba. In maganar wasiƙar nan ta fita kafin alƙali ya sa hannu, za su janye, mu koma shari'ar shekara biyar, kuma ba tabbas mu ci. Ki yi haƙuri zuwa jibi kawai. Bayan nan za ki sa hannu ki yi shiru a kanta, shi ke nan."

"Har abada?"

Thuy ta kalli takardunta. "Haka suka rubuta."

Narelle ta ce za ta sha iska. Da ta fito, Graeme na waya yana murmushi, ya ɗaga mata hannu kamar tsohuwar abokiya. Ashe ya sani tun kafin ya zauna kusa da ita.

A lif ta tuna da masu kamfanoni shidan. Ta san biyu daga cikinsu, mutanen kirki ne, ɗaya ma tsohon ma'aikacinta ne da ya sake farawa daga tushe. Ta auna abin da take shirin yi da kyau, ba ta yaudari kanta cewa don su za ta yi ba.

A waje ana yayyafi. 'Yan jarida uku na fake a ƙarƙashin rumfa da kofunan kofi, sun gaji da jira. Ta nufi wata mai jar laima, ta buɗe jaka ta ciro wasiƙar.

"Kina da biro?" ta ce. "Bari in fara rubuta miki sunansa, mutane na yawan kuskure a kai."