Masu Ɗaga Hagu

Shugaban makarantar yana wucewa ta bayan tagar aji biyu, rajista a hannunsa, sai ya ji muryar Mataimakinsa a ciki. Ya dakata.

"Mu sake. Idan Sufeto ya shigo na yi tambaya, kowa ya ɗaga hannu. Wanda ya san amsa ya ɗaga dama, wanda bai sani ba ya ɗaga hagu. Ni na san wanda zan nuna. Kai na bakin ƙofa, ina hagunka? Ko shi ma sai an koya maka?"

Yara suka yi dariya. Shugaba kuwa bai yi dariya ba. Shekara ashirin da shida ya yi yana riƙe da alli kafin a ba shi wannan ƙaramar sakandare wata uku da suka wuce, bai taɓa ganin an shirya ƙarya da tsari irin wannan ba. Ya kira Mataimakin waje.

"Malam, ka ji tsoron Allah. Iyaye suka damƙa mana amanar 'ya'yansu mu koya musu lissafi, sai mu koya musu yin ƙarya da gaɓoɓinsu? Hannayen nan fa za su yi shaida ranar da baki zai yi shiru."

"Ranka ya daɗe, haka muka tarar," in ji Mataimakin, yana kakkaɓe alli daga rigarsa. "Shugabanni uku na yi wa wannan hidima, kowannensu da yabo ya tafi. In rahoto ya ɓaci, kujerarka za a karɓe, ba tawa ba. Kare ka nake yi."

Kafin Shugaba ya amsa, motar Sufeto ta shigo harabar.

Aka ajiye wa baƙo kujera a bayan ajin. Mataimakin ya rubuta a allo: rabi a tara da kwata, nawa ke nan? Hannu hamsin da biyu suka tashi lokaci guda. Ya nuna wata yarinya a gaba, ta amsa daidai. Sufeto ya gyaɗa kai.

Shugaba yana jingine da bango, yana karanta abin da ya sawwaƙa a zuci. Ya tuna ƙarin girman da ya daɗe yana jira, ya kuma tuna wanda zai tambaye shi game da waɗannan yara gobe ƙiyama. Sai ya tako gaban allo tun sauran hannayen suna sama.

"Kada kowa ya sauke hannu. Masu hagu, ku miƙe tsaye."

Bencuna suka yi ƙara. Ya ƙirga su a bayyane, ɗaya bayan ɗaya: talatin da bakwai.

"Yallaɓai, waɗannan ba su sani ba. Mu muka ce su ɗaga."

Sufeto ya rufe jakarsa, ya fita, Shugaba ya bi shi har gindin mota.

"Malam, ka ɗauka makaho ne ni?" in ji Sufeto cikin ƙasa da murya. "Shekara goma sha ɗaya ina kallon hagu da dama. Takardar nan tun a hanya na cika ta, na rubuta madalla. Ga shi yanzu ka faɗa a gaban yara, dole na sake."

"Sai ka sake, Yallaɓai. Ka rubuta talatin da bakwai, kada ka rage ko ɗaya."

"Ka dai san abin da zai biyo baya?"

"Na sani. Allahn da ya ba ni kujerar bai manta da ni ba."

Motar ta tafi. Mataimakin ya shige ofis ba tare da ya dubi Shugaba ba.

Da Shugaba ya koma ajin, sai ya tarar da talatin da bakwai ɗin nan har yanzu a tsaye, kawunansu a sunkuye, domin babu wanda ya ce su zauna. Wannan ya fi komai ƙona masa rai.

"Ku zauna, 'ya'yana. Ba ku ne masu laifi ba."

Ya ɗauki guntun alli, ya zana da'ira a allo, ya raba ta huɗu. Wata yarinya daga bencin ƙarshe ta ce a hankali, "Malam, yanzu wane hannu za mu ɗaga?"

"Wanda kuka saba," in ji shi. "Sai dai yau masu hagu zan nuna."